Darasi na 14: Sawun da Sukari Ke Bari a Jiki

Da la'asar sakaliya, idan mai tsire ya kafa tsinkayensa kewaye da wuta a bakin tashar Gaya, abu ɗaya masu saye ke jira kafin su miƙa kuɗi, wato launi. Naman da aka tsire ja ne. Can sai ya fara yin ƙasa-ƙasa, gefensa ya ƙandare, ƙamshi ya tashi ya cika tashar. Uwargida a Ajingi ta san wannan sauyi a gindin tukunya, inda tuwo ke zama ƙanzo. Mai ƙosai ma ta san shi: farin ƙullu take sakawa a kasko, ja take tsamewa.

A shekarar 1912 wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana abin da ke faruwa. Duk inda sukari ya haɗu da furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka da fata da jini, kuma akwai zafi, to sai sun manne wa juna. Idan suka manne, launi ya sauya, abu mai laushi ya yi tauri, kuma ba ya komawa yadda yake. Ba a taɓa mayar da ƙanzo tuwo ba.

Jikin ɗan Adam cike yake da furotin, jininsa na ɗauke da sukari, zafinsa kuma digiri 37 ne dare da rana. Wannan ba wutar gashi ba ce, amma wuta ce da ba ta mutuwa tun daga ranar haihuwa. Abin da garwashi ke yi wa nama cikin minti ashirin, jiki na yi wa kansa a hankali cikin shekaru. Kowa na da rabonsa, shi ya sa fatar tsoho ba irin ta yaro ba ce. Sai dai mai ciwon sukari nasa na sauri, domin sukarin da ke yawo a jininsa ya wuce ƙima.

Cokali guda

Mutane kan yi mamaki idan suka ji adadin sukarin da ke cikin jini. Babban mutum na da jini kimanin lita 5, kuma duk sukarin da ke cikinsa, idan yana da lafiya bai ci komai ba, bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Tuwon dawa, fura, shinkafa, rogo, burodi, duka sukari suke komawa bayan an ci. Sinadarin insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi ke fitarwa, shi ke kwashe sukarin daga jini ya shigar da shi tsoka da hanta. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru. Gado na da hannu a ciki, haka ƙiba, da yawan zama, da shekaru. Siriri ma na kamuwa, kuma wanda bai taɓa shan lemon kwalba ba bai tsira don wannan kaɗai ba.

A 2018 Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a sassan Nijeriya, suka ƙiyasta cewa kusan mutum 6 cikin 100 na da ciwon. Arewa maso yamma ce ta fi ƙaranci, mutum 3 cikin 100. Uku ba ta da yawa a baki, amma a ƙauyen da ke da manya dubu, mutum talatin ke nan. Babban binciken makanta da aka yi a faɗin ƙasar nan daga 2005 zuwa 2007 kuma ya gano cewa kusan rabin waɗanda aka samu da ciwon ba su san suna da shi ba.

Gwajin da aka fi sani shi ne na tsira yatsa. Ana ɗiga jini a kan ɗan tsinke, na'ura ta nuna lamba. Idan mutum ya kwana bai ci komai ba aka ga 126 ko sama, aka sake wata rana aka ga haka, to ciwon ya tabbata. Gwaji ne mai kyau, mai araha, amma labarin wannan sa'ar kaɗai yake bayarwa. Wanda ya yi kwana uku yana kiyaye baki saboda ya san zai je asibiti, lambarsa za ta yi kyau. Shekaru biyar da suka wuce fa? Wannan tambaya ce ta sa masana suka koma neman inda jiki ke ajiye tarihi.

Wuri na farko da suka samu shi ne jini da kansa. A 1968 wani likita ɗan Iran, Samuel Rahbar, yana nazarin jinin mutane a Tehran, ya lura da wani nau'in himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, wanda ya fi yawa a jinin masu ciwon sukari. Daga baya aka gane himogulobin ne da sukari ya manne masa. Jar ƙwayar jini takan rayu kwana 120, saboda haka auna wannan mannewa na ba da labarin wata biyu zuwa uku. Shi ne gwajin da ake rubuta wa HbA1c a takardar asibiti, kuma a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa kashi 6.5 ko sama alamar ciwon ce. A ƙasar Hausa akwai abin lura: mai sikila, ko wanda jininsa ya yi ƙasa sosai, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, ƙwayoyin jininsa ba su bin wannan lissafi na kwana 120, don haka lambar na iya ruɗar likita. Mai irin wannan larura ya faɗa tun kafin a ɗebi jinin.

Fata da ke haske

Wata uku ma gajeren zango ne. Akwai furotin da ke daɗewa ƙwarai. Kolajin, wanda shi ne zaren da aka saƙa fata da jijiya da guringuntsi da shi, yakan yi shekara wajen 15 a fata kafin rabinsa ya sabunta. Majemi ya fi kowa sanin halinsa, ko da bai san sunan ba. Idan ya jiƙa fatar akuya a ruwan bagaruwa, zaren kolajin ne ke ɗaurewa da juna har fatar ta zama kirgin da ba ya ruɓewa. Sukari ma ɗaure zaren yake yi, sai dai a jikin mai rai, inda ake bukatar laushi.

Wani lokaci ana ganin wannan ba tare da na'ura ba. Mutum ya haɗa tafukan hannuwansa biyu, yatsa kan yatsa, ya matse. Mai lafiya za su haɗu tsaf. Wasu daga cikin waɗanda suka daɗe da ciwon sukari sai a ga rata tsakanin yatsun, sun ƙi miƙewa, fatar bayan hannun ta yi kauri. Likitoci na duba wannan, domin masu shi sun fi yawan samun matsala a ido da ƙoda.

Wasu daga cikin waɗannan sinadarai da sukari ya manne wa suna da wata ɗabi'a mai amfani. Duk wanda ya taɓa ganin an haska takardar naira dubu da fitilar nan mai shuɗin haske don gane jabu, ya ga yadda wasu zane-zane da ba a gani da rana ke ƙyalli. Haka su ma suke. A birnin Groningen na ƙasar Holan, masu bincike suka ƙera wata na'ura da mutum ke ɗora cikin damtsensa na ƙasa a kai, ta haska fatar, ta auna ƙyallin da ya dawo cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba allura ba jini. Sun buga sakamakonsu a 2004, inda suka gwada abin da na'urar ta nuna da abin da aka samu a ɗan yankin fata da aka yanka aka auna, suka ga sun dace. Ana sayar da ita da sunan AGE Reader. A Amurka kuma, a 2013, hukumar kula da magunguna ta amince da wata na'ura mai auna irin wannan ƙyalli a ɗan gilashin da ke cikin ido, wanda furotin ɗinsa ba ya sabuntawa tun daga haihuwa har mutuwa.

Na'urar fatar na da aibin da ya shafi mutanen Gaya da Ajingi kai tsaye. Sinadarin da ke sa fata baƙi yana shanye haske, na shiga da na fita. A kan fararen fata aka fara gwada ta, kuma idan fata ta yi duhu sosai, ƙyallin da ke dawowa bai isa a dogara da shi ba. Mayukan shafawa na rikita ta. Shan taba, ciwon ƙoda da tsufa duk suna ɗaga lambar ko babu ciwon sukari. Saboda haka ba a yanke wa mutum hukunci da ita, kuma duk wanda ya zo kasuwa da wata na'ura ya ce da ɗora hannu zai faɗi ciwon da ke jiki, sannan ya sayar da magani, a riƙe kuɗi a tafi asibiti. Gyaran wannan aibi aiki ne da ya kamata jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato su sa hannu a ciki, domin na'urar da ba a gwada ta a kan baƙar fata ba, ba a gama ƙera ta ba.

Tagar da ke buɗe

Akwai wuri guda a jiki inda launin fata bai hana komai ba, kuma inda ake ganin jijiyoyin jini da ransu ba tare da an tsaga ba. Shi ne bayan ido.

A can ƙuryar ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da likitoci ke kira retina. Shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin da ke ciyar da shi sun fi gashi siranta nesa ba kusa ba, har ƙwayoyin jini sai sun bi layi ɗaya bayan ɗaya kafin su wuce. Mai noman rani a bakin kogin Wudil ya san abin da ke faruwa idan gefen magudana ya yi rauni: ruwa ya ɓalle inda ba a so, ya kwanta ya ɓata shuka, kwamin da ke can ƙarshe kuma ya bushe. Shekarun sukari mai yawa haka suke yi wa waɗannan jijiyoyi, ta hanyar mannewar nan da wasu hanyoyin daban, hawan jini kuma ya ƙara wa abin gudu. Bangonsu ya kumbura, ya fara yoyo, wasu su toshe. Idan wani yanki ya rasa jini, ido yakan tsiro da sababbin jijiyoyi don ceton kansa, amma marasa ƙwari ne, suna fashewa. Ranar da suka fashe, mutum ya wayi gari yana ganin baƙaƙen zare ko hayaƙi na yawo a gabansa.

Hermann von Helmholtz na Jamus ne ya ƙera madubin leƙa bayan ido a 1851, kuma cikin 'yan shekaru Eduard Jaeger a birnin Biyana ya zana abin da ya gani a idon wani mai ciwon sukari. A 1961 wasu ɗaliban likitanci biyu a Indiyana ta Amurka, Novotny da Alvis, suka nuna yadda ake zuba rini ta jijiyar hannu a ɗauki hotonsa yana ratsa ido, duk inda ke yoyo ya bayyana. A 1991 aka fito da wata na'ura da ke nuna tantanin yanka-yanka kamar burodi, ba tare da ta taɓa idon ba, a ga ko ruwa ya kwanta a tsakiyarsa. Wannan tsakiyar ita ce ta karatun Alƙur'ani, da zura zare a allura, da gane fuskar mai zuwa.

A ɗauki misalin wani dattijo manomi daga wani ƙauyen Ajingi, wanda aka gaya masa yana da sukari shekara shida da suka wuce, ɗansa ya matsa masa suka zo Kano. Ma'aikaciyar jinya ta ɗiga masa magani a ido biyu. Ya ɗan yi yaji. Aka ce ya zauna kamar rabin sa'a, har baƙin idonsa ya buɗe.

"Baba, ɗora haɓarka nan, goshinka ya taɓa wannan. Kalli ɗan koren hasken can, kada ka ƙifta."

"'Yata, ni fa idona garau yake. Ko jiya ni na ƙirga buhunana."

"Na sani, Baba. Shi ya sa muke so mu duba yanzu."

Walƙiya ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Hoton ya fito a fuskar kwamfuta, da'ira ja mai ruwan lemo kamar rana dab da faɗuwa, da wani farin faifai a gefe inda jijiyoyi ke fitowa suna rarrabuwa kamar rassan itace. Likita ya kira ɗan ya matso. Ya nuna musu wasu jajayen ɗigo-ɗigo kamar an tsira da bakin allura, guda bakwai ko takwas. Ya nuna wani wuri da ke da ɓarɓashi rawaya kamar an watsa garin masara, ya ce kitse ne da ya yoyo daga jini. Dattijon ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Shekara shida ana ce masa ya rage sukari a shayi, ya sha ƙwayarsa kullum, yana cewa to. Gani ya kori ji.

Maganarsa ta farko gaskiya ce, idonsa garau yake gani, kuma nan haɗarin yake. Wannan lalacewa ba ta ciwo, ba ta ja, ba ta ƙaiƙayi, tana iya yin shekaru tana ci kafin gani ya ragu. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na manyan da aka gano suna da ciwon, a ranar da aka gano su tuni akwai alamarsa a bayan idonsu, wato ciwon ya daɗe yana aiki a ɓoye. A Kano ma, binciken da likitocin ido na Asibitin Malam Aminu Kano suka buga a 2012 ya sami alamar a wajen ɗaya cikin uku na masu sukarin da suka duba. Kuma abin da aka gani a ido ba a ido ya tsaya ba. Irin waɗannan ƙananan jijiyoyi ne ke tace jini a ƙoda, su ne ke ciyar da jijiyoyin ji a tafin ƙafa. Likitan da ya ga ɗigon jini a bayan ido zai ce a gwada fitsari, a cire takalmi a duba ƙafa, tun kafin ƙaya ta shiga ba a ji ba ta zama gyambo.

Ana iya tare abin. A 1993 aka kammala wani bincike a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu nau'in ciwon da ke kama yara da matasa. Waɗanda aka tsananta wa kula da sukarinsu, haɗarin fara lalacewar ido ya ragu musu da kashi 76 cikin 100. Da aka ci gaba da bin su shekaru bayan haka, lokacin da sukarin ɓangarorin biyu ya dawo kusan daidai, sai aka ga waɗanda suka kiyaye da wuri har yanzu sun fi lafiyar ido da ƙoda. Jiki bai manta ba, kuma masana da yawa na ganin tsohon kolajin da sukari ya ɗaure na cikin dalilan. Idan kuma abin ya riga ya yi nisa, akwai ƙona wuraren da suka lalace da hasken leza, akwai allurar da ake yi a cikin ido, akwai tiyata. Dukansu sun fi riƙe ganin da ya rage fiye da dawo da wanda ya tafi.

Wa zai je wurin wa

Ingila ta fara shirin ɗaukar hoton idon kowane mai ciwon sukari a kai a kai a 2003. Kafin shekara goma, ciwon ya sauka daga matsayinsa na babban dalilin makantar masu shekarun aiki a ƙasar, karon farko cikin aƙalla shekara hamsin. Ba sabon magani suka samu ba, kyamara suka kai kusa da mutane, suka riƙa aika musu takardar tuni.

Kano ba ta rasa masana ido ba. Asibitin Ido na ECWA yana aiki tun 1943, ga Asibitin Malam Aminu Kano, ga na Murtala, ga Asibitin Ido na Makkah, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Amma mutumin Ajingi da zai biya kuɗin mota na mutum biyu, ya bi ta Gaya da Wudil, ya bar gona ko kasuwa yini guda, saboda idon da ba ya masa ciwo, da wuya ya tashi. Ba taurin kai ba ne, lissafi ne na mai ƙaramin ƙarfi. Shi ya sa ya fi dacewa kyamarar ce ta yi tafiyar. Yau akwai kyamarorin bayan ido da ake riƙewa a hannu, akwai waɗanda ake maƙala wa waya. Ɗaukar hoton ba sai likita ba, ma'aikacin lafiya da aka horar zai iya, ya tura ta intanet a duba a Kano, a kira waɗanda ke bukatar zuwa kawai. Tun 2018 Amurka ta amince da wata manhajar kwamfuta da ke duba irin wannan hoto da kanta ta ce a tura mutum ga likita ko ya dawo baɗi. Kyamara ɗaya a Babban Asibitin Gaya, da rana guda a mako da aka ware wa masu sukari, abu ne da kwamitocin lafiya na unguwanni da kansiloli da masu unguwanni za su iya nema da baki ɗaya.

Kafin wannan ta samu, ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce babban mutum ya je a duba bayan idonsa da zarar an ce yana da ciwon, sannan sau ɗaya kowace shekara, ko fiye idan likita ya ce. Mace mai sukari da ta sami ciki ta je tun farkon cikin, domin juna biyu na iya hanzarta lalacewar. Wanda ganinsa ke yin hazo yau ya washe gobe kada ya yi saurin sayen tabarau a tire, sau da yawa hawa da saukar sukari ne ke kumbura gilashin idon, sai sukarin ya daidaita a auna. Kuma gwajin karanta haruffa a bango ba shi ne duban bayan ido ba. A faɗa wa ma'aikaci a fili: "Ina da sukari, bayan idona nake so a duba."

Mai zuwa ya riƙo katinsa da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya, ya kuma roƙi a rubuta masa ranar dawowa a jikin katin. Ya zo da hula mai baki ko baƙin tabarau, da wanda zai tuƙa shi, domin bayan maganin ɗigawar nan rana takan kashe ido, gani ya yi dishi-dishi na awa huɗu zuwa shida, kuma ba a hawa babur a haka a kan titin Wudil.